Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugaban Hukumar Sadarwa ta Najeriya (NCC), Dakta Aminu Maida

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Ina maka fatan alheri a kan kujerar da ka hau tun Oktoban 2023. Ba zan ja gaisuwa ba, domin abin da ya kawo ni ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Sana'ata haɗa bidiyo a Kano: bikin aure, walima, karatun malamai, da shirye-shirye masu dogon zango da ake sakawa a YouTube. Ranar da aka ja mini wayar intanet ta fiba har cikin ɗaki na saki shagon haya na dawo aiki a gida. Takardar kamfanin ta rubuta saurin megabit 50 a daƙiƙa da manyan baƙaƙe, ta ƙara da cewa data ce mara iyaka. A wajen saukewa ba su yi ƙarya sosai ba, yara na kallonsu ba ya sarƙewa. To amma ni ba da kallo nake ci ba. Abincina yana wajen ɗorawa, wato tura aikin da na gama zuwa ga mai shi. Da na auna sai na ga megabit 3, wani daren ma bai kai ba. Na koma kan takardar na karanta ta ciki da bai, babu inda aka ambaci saurin ɗorawa ko da layi ɗaya.

Ga lissafin, ranka ya daɗe. Bidiyon biki ɗaya mai nauyin gigabait 10, a kan megabit 50 bai cika rabin awa ba ya tafi. A kan megabit 3 sai ya haura awa bakwai. Awa bakwai a garin da wuta ba ta da alkawari! Ko dai janareto ya kwana yana shan mai, ko batir ya mutu da asuba aikin ya yanke. Sau nawa na zuba aiki a filas na kai tasha na ba direban Kaduna, alhali ga fiba a ɗakina, kuma na biya kuɗin wata cas.

Da na yi ƙorafi sai aka ce mini haka fasahar take. Kai injiniya ne, ka san iyakar gaskiyar wannan magana. Tsarin GPON da aka fi amfani da shi wajen kai fiba gidaje yana ɗaukar kusan gigabit 2.5 a saukewa da 1.25 a ɗorawa, sai a raba wa gidaje 32 ko 64 a kan layi guda. Ke nan ko a asalin ƙirarsa, ɗorawa rabin saukewa ce. Yaya aka yi rabi ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma sha bakwai kafin ya iso gidana? Ko dai an cusa gidaje fiye da kima a layin, ko kuma da gangan aka ɗaure saurin don a tura mu ga tsarin ofisoshi mai tsada. Kowanne ne, hakkina ne a faɗa mini kafin in biya. A Dawanau idan mutum ya tauye mudu akwai shugabannin kasuwa da za a kai shi gabansu. Mu an sayar mana da biri a sama, kuma babu takardar da za mu kafa hujja da ita, tunda ba a taɓa rubuta mana adadi ba.

Haka zancen data mara iyaka yake. Sai tsakiyar wata ka ji komai ya yi sanyi, ka kira, a ce ka ƙetare ma'aunin amfani. Wane ma'auni? Nawa ne? A ina aka rubuta?

Bari in tuna maka abin da ka fi ni sani. Tsarin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya yi alkawarin aƙalla megabit 25 a birane da 10 a karkara, da gigabait ɗaya a kan kuɗin da bai wuce naira 390 ba. Waɗannan alƙaluman sauri duk na saukewa ne, kamar ɗan Najeriya aikinsa kawai ya zauna ya kalli abin da wasu suka ɗora. A Janairun 2025 kuma hukumarka ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari, aka ce mana za a ga ingantaccen aiki a madadin haka. Mun haɗiye, mun biya. Gwamnati kullum tana kiran matasa su koyi sana'ar zamani su yi wa duniya aiki daga gida. Wanda zai yi wa duniya aiki ai turawa yake yi: mai zane, mai rubuta manhaja, malamar da ke koyarwa ta Zoom wadda fuskarta ke daskarewa ɗalibai na jira.

Don Allah, ranka ya daɗe, abin da nake roƙo ba ya buƙatar kasafin kuɗi. A Amurka tun 2024 aka wajabta wa manyan kamfanoni su liƙa wa kowane tsari takardar bayani mai nuna farashi, saurin saukewa, saurin ɗorawa da iyakar data, kuma a shekarar suka ɗaga ma'auninsu na saurin intanet zuwa megabit 100 a saukewa da 20 a ɗorawa. Ban ce a kai mu can gobe ba. Umarni ɗaya nake nema daga ofishinka: duk mai sayar da fiba ya rubuta lambobin biyu gefe da gefe, da baƙaƙe masu girma ɗaya, a talla da kuma a yarjejeniya. Ya faɗi inda yake fara rage gudu da matakin da yake mayar da mutum. Idan ya gaza cika abin da ya rubuta, ya rage kuɗin watan.

Akwai sauran matsaloli, na sani: 'yan kwangilar titi da ke tsinka waya, jihohin da ke karɓar fiye da naira 145 a kan kowace mita ta shimfiɗawa, da fibar kilomita 90,000 da gwamnati ta yi alkawari muke ta jira. Waɗannan sai da hannun gwamnoni da ministoci. Wannan kuwa sa hannunka kaɗai yake jira.

Na gode, Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Wani mai haɗa bidiyo daga Kano