Dokar Sunan Gaskiya a Intanet: Wa Za Ta Kama, Wa Za Ta Tona?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina kan sharhin da kuka buga makon jiya, wanda marubucinsa ya nemi Majalisar Tarayya ta yi dokar hana kowa buɗe shafi a Facebook ko TikTok ko X sai da cikakken sunansa da lambarsa ta shaidar ɗan ƙasa, wato NIN. Malamin ya yi rubutun cikin ɓacin rai, kuma ban ga laifinsa ba. Duk mai riƙe da waya ya san yadda wani zai laƙaba wa kansa sunan bogi, ya sa hoton zaki ko na mota, ya wuni yana zagin iyayen mutane, ko ya ɗauko hoton 'yar mutane ya ƙaga mata sharri har a fasa aurenta. A kan cutar ba mu da saɓani da shi. Maganin da ya rubuta ne yake ba ni tsoro.

Ni mai gyaran waya ne a Kano, kuma na daɗe ina sayar da layi ina yi wa mutane rajista, don haka sunaye da lambobin jama'a ta hannuna suke wucewa. Amma bari in fara da waɗanda suka riga mu gwada dokar.

Koriya ta Kudu, ƙasar da ta fito da wayoyin Samsung da nake kwancewa kullum, ta kafa irin wannan doka a 2007. Duk babban shafin da mutum 300,000 ke shiga a rana, dole ya karɓi sunan mutum da lambar katinsa na ɗan ƙasa kafin ya bar shi ya rubuta sharhi. A 2008 wata fitacciyar 'yar fim mai suna Choi Jin-sil ta kashe kanta bayan an yi ta yaɗa jita-jita a kanta, kuma a lura, dokar tana aiki a lokacin. Hankalin ƙasar ya tashi, a 2009 aka faɗaɗa dokar ta haɗa da duk shafin da ke da maziyarta 100,000. Kamfanin Google ya ƙi yarda ya tattara lambobin, sai ya rufe damar ɗora bidiyo da yin sharhi a sashen YouTube na Koriya. 'Yan ƙasar kuwa sai su shiga saitin su zaɓi wata ƙasa, su ci gaba da harkarsu.

Sai ga abin da ba a shirya masa ba. Tunda doka ta sa kamfanoni sun tara sunaye da lambobin mutane wuri guda, ɓarayin intanet suka san inda za su dosa. A watan Yulin 2011 aka kutsa shafukan Nate da Cyworld aka kwashe bayanan mutum miliyan 35, a ƙasar da jama'arta duka-duka wajen miliyan 50 ne. A watan Agustan 2012 kotun tsarin mulkin ƙasar ta soke dokar, babu alƙali ko ɗaya da ya saɓa. Hujjar kotun ita ce ba a nuna cewa munanan rubuce-rubuce sun ragu a zo a gani ba, mutane sun gudu zuwa shafukan ƙasashen waje, sannan an toshe bakin masu faɗin gaskiya. Shekara biyar suka yi a kai, da kuɗinsu da ƙwararrunsu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Marubucin ya ɗauka cewa mai zagi yana zagi ne don ba a san shi ba. Bayan wasan ƙarshe na kofin Turai a 2021, lokacin da aka yi wa 'yan ƙwallon Ingila Rashford da Sancho da Saka ruwan zagin wariyar launin fata saboda sun ɓarar da fenariti, an yi ta kiran a hana ɓoye suna a Ingila. Da Twitter, wanda yanzu ake kira X, ya bincika shafukan da ya dakatar, ya ce kashi 99 cikin 100 na masu su ana iya gane ko su wane ne. Mu ma ba sai mun je Ingila ba. A buɗe TikTok yanzu a ga masu zagin juna da fuskarsu a fili, suna faɗin unguwarsu, suna neman mabiya da shi.

To mu dawo gida, domin mu ma mun yi tamu dokar sunan ta wata ƙofa. A watan Disambar 2020 gwamnati ta ba da umarnin haɗa kowane layin waya da NIN. Kowa ya tuna layukan da aka yi ta bi a tsakiyar annobar korona, tsofaffi da masu goyo tun asuba. A watan Afrilun 2022 aka hana layuka sama da miliyan 70 yin kira. An ce mana da zarar an gama, mai garkuwa da mutane ba zai ƙara ɗaga waya ya nemi kuɗin fansa ba. Edita, kai ka fi ni sanin abin da kuke bugawa kowane mako daga Zamfara da Katsina da Birnin Gwari. Har shi tsohon ministan da ya jagoranci aikin, Farfesa Isa Ali Pantami, ya fito a farkon 2024 ya koka cewa hukumomin da ke yaƙi da masu laifi ba sa amfani da bayanan yadda ya kamata. Ke nan sunan yana nan a rubuce. Mai bin sawun sunan ne babu.

Kuma mu da ke cikin sana'ar mun san yadda mugu ke zagaye shingen. Ana zuwa ƙauye a sami dattijon da bai taɓa riƙe babbar waya ba, a ce masa tallafi za a kawo, a karɓi lambarsa a buɗe layi da ita. Ranar da aka yi ta'asa da layin, shi za a je a ɗauko a gona. Idan aka ce sai da NIN za a buɗe Facebook, kasuwar lambobin bayin Allah irinsa ce za ta ƙara buɗewa. Sannan dubi yadda ake riƙe bayanan ma. Na sha shiga shago in ga takardun NIN na mutane a zube a kan benci, wasu a cikin wayar yaron shago da ba ta da ko makulli. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa ta gano shafin da ke sayar da bayanan 'yan Nijeriya kan naira 100 kacal. Hukumar NIMC mai bayar da NIN ta musanta cewa an fasa rumbunta, amma ko ta wace kafa suka fita, sun fita. Masu ba da bashi ta manhajar waya ma sun nuna mana abin da suna da lamba ke zama a hannun marar imani: ka makara da biya, a tura wa surukanka saƙo cewa kai ɓarawo ne.

Wanda dokar za ta kama shi ne wanda ba shi da dabarar sayen lambar wani. Ina nufin matar da ke tura tambaya zauren mata tana cewa don Allah a sakaya sunana, mijina yana dukana, ko an gwada ni an ce ina ɗauke da cuta, ya zan yi. Ina nufin ma'aikaciyar jinya da ta ga ana karkatar da maganin da aka kawo kyauta, da malamin firamare da aka yi wata da watanni ba a biya shi ba kuma ya san abin da zai biyo baya idan shugabansa ya ga sunansa. Sama da duka, ina nufin mutumin ƙauyen da ke sanar da duniya cewa an ga babura sun doso gari, alhali infoma yana zaune da shi a majalisa ɗaya. Wannan idan aka ce ya sa sunansa da na mahaifinsa, an yanke masa hukunci ne. Ku kanku 'yan jarida kusan kullum kuna rubuta cewa wani mazaunin yankin da ya buƙaci a sakaya sunansa ya shaida mana kaza. Da ba ku yi masa wannan alfarma ba, da wa zai ba ku labarin?

Kada kuma mu yi kamar ba mu san ƙasar da muke ciki ba. Abubakar Idris, wanda aka fi sani da Dadiyata, mai sukar gwamnati a shafukan sada zumunta, an ɗauke shi a gidansa da ke Barnawa a Kaduna cikin watan Agustan 2019, har yau iyalinsa ba su ji ɗuriyarsa ba. A ƙarshen 2022 an kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse saboda rubutu ɗaya da ya yi a Twitter kan uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, sai da jama'a suka yi ca aka janye ƙarar. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 an yi ta kama 'yan jarida da shi har Kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, kafin a yi masa gyara a 2024. Idan babba ne aka taɓa, ana nemo mai rubutu cikin hanzari, da suna ko babu suna.

Talaka ne ba a nemo wa. Kwanaki wata baiwar Allah ta zo shagona da 'yarta, wani yana yi wa yarinyar barazanar sakin hotunanta idan ba a tura masa kuɗi ba. Lambar da yake kira da ita tana nan, asusun bankin da ya ce a zuba kuɗin yana nan da suna a jiki. Na ɗaukar musu hoton saƙonnin duka, na ce su kai inda ya dace. Da suka dawo, uwar ta ce an nemi ta fara kawo kuɗin bin sawun layi, kuɗin da ya fi wanda mai barazanar ya nema. Ta goge shafin yarinyar, ta karya layin, suka haƙura. Wace sabuwar doka ce za ta taimaki wannan mata, bayan sunan mai laifin yana hannunta?

Abin da nake roƙon 'yan majalisarmu shi ne su ajiye zancen tilasta suna, su duba waɗannan. A samar da teburin karɓar irin wannan ƙara a kowace jiha, kyauta, da mata a cikin ma'aikatansa domin yarinya ta iya buɗe baki. Bayanan mai layi ko mai shafi kada a miƙa wa kowa sai da umarnin alƙali, ko gwamna ne ya nema ko mai sayar da ƙosai. Dokar kare bayanai da aka sa wa hannu a 2023 kuma a yi aiki da ita a kan masu sayar da lambobinmu, har da mu 'yan kasuwar waya idan an kama mu da sakaci. Kafin wani ɗan majalisa ya miƙe da sabon ƙudiri, ina so jaridarku ta tambaye shi mutum nawa aka gurfanar a mazaɓarsa ta hanyar bin sawun NIN tun daga 2020, ku buga mana amsar da ya bayar.

Na gode da ba ni dama.

Naku,
Mai gyaran waya, daga Kano.