Ƴan tsakin salwa 41 sun mutu mini a dare ɗaya

Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari.

Ina rubuto maka ne raina a ɓace. Shekaranjiya da asuba na buɗe ɗakin da nake renon ƴan tsakin salwa, na tarar da 41 a kwance sun sandare. Guda 60 ne suka fito, kwanansu 5 kacal a duniya.

Ni ba baƙuwa ba ce a kiwo, na daɗe ina kaji. Amma salwa daban take. Bayan kwana 17 a injin ƙyanƙyasa take fitowa, nauyinta bai kai giram 10 ba, iska kaɗan ta buge ta sai sanyi ya kama ta. Na san a makon farko suna son zafi wajen digiri 35 zuwa 37, a riƙa rage kamar digiri 3 duk mako har gashi ya rufe su a mako na 3 ko na 4. Har ma'aunin zafi na saya na ajiye daidai tsayin bayansu. Na zuba tsakuwa a mazubin ruwa don kada su nutse. Wadda ta yi duk wannan ai ba a kira ta mai sakaci ba.

Yayana ne ya jawo. Tare muka haɗa jari, shi ya sa yake ganin maganarsa ce gaba da tawa. Da farko jan ƙwan lantarki mai wat 250 na rataya musu. A rana ta biyu igiyar ta saki, ƙwan ya sauko dab da dusar katako har ta fara ƙauri, Allah ya sa ina kusa. Na yarda ni na ɗaura, amma da waya na so ɗaurewa, shi ya ce igiya ta isa. Tun daga nan ya samu bakin magana.

Daren da wuta ta ɗauke sai ya kawo kaskon gawayi ya ajiye a ɗakin, ya toshe taga da tsumma, ya ja ƙofa ruf, wai kada ɗumi ya fita. Na ce, "Yaya, gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, ko mutum tana kashewa a rufaffen ɗaki, balle ɗan tsuntsu." Ya ce in daina yi masa karatu. Haka yake tun muna yara, ba ya taɓa karɓar gyara. Yanzu kuma yana bi yana cewa sanyi ne ya kashe su, don na yi barci. Malam, da sanyi ne ai a dunƙule zan same su, sun hau kan juna sun danne na ƙasa. A warwatse na same su.

Na manta ban faɗa ba, na leƙa su wajen ƙarfe 1 na dare, na ga wasu suna layi, na ɗauka barci suke ji. Ni ma kaina ya sara da na shiga, amma wa zai kawo wannan a ransa a tsakar dare?

Sauran 19 suna cikin kwali, ina sa musu kwalaben ruwan zafi naɗe da tsumma, ina canzawa duk bayan sa'a 2 ko 3. Kwana biyu ke nan ban rintsa ba. An ba ni labarin wani faranti mai ƙafafu da ke ba da ɗumi, tsaki ya shige ƙarƙashinsa kamar ƙarƙashin uwa, ba ya cin wuta sosai, ba ya tada gobara irin ta ƙwan lantarki. To idan wuta ta sake ɗaukewa fa? Fitilar kananzir kuma tsoron hayaƙinta nake ji, ga ta da saurin faɗuwa. Ko gawayin ma yana yiwuwa idan an bar taga a buɗe? Ni dai ba na son in sake ganinsa.

Don Allah ka faɗa a filinka ko gawayin ne ya kashe su, domin Yaya yana sauraronka. Ya riga ya zuba wasu ƙwai a inji, saura kwana 9 su fito, kuma kaskon yana nan a bakin ƙofa. In cire rabona in koma ni kaɗai, ko in haƙura?

Taka mai sauraro,
Wata mai kiwon salwa