Wasiƙa Daga Guangzhou Kan Fatalwar Sinawa

Zuwa ga aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, ga amsar tambayar da ka yi mini kan kalmar "gui", wadda ka ce kana yawan ji a finafinan Sinawa.

Asalin ma'anarta fatalwa ce, wato kurwar mamaci, kuma har yanzu ba su yi watsi da wannan ma'ana ba. Wata na bakwai a kalandarsu ta gargajiya shi ne watan fatalwa, a daren 15 ga watan kuwa za ka tarar da mutane a bakin titi suna ƙona takardun da aka buga kamar kuɗi, wai don mamatansu su sami abin kashewa.

Sai dai a bakin mutanen gari kalmar ta fi fitowa wajen bayyana halin ɗan Adam. Mashayin giya "jiu gui" ne, matsoraci "danxiao gui", marowaci kuma "xiaoqi gui". Uwa tana kiran ɗanta mai ƙiriniya "xiao gui", ƙaramin fatalwa ke nan, tana faɗa tana dariya. Wanda ya yi rashin gaskiya yana ta kame-kame, sai su ce akwai fatalwa a zuciyarsa. Suna da karin magana cewa da kuɗi har fatalwa sai ta yi maka niƙa, kuma wanda ya zauna a kasuwannin nan ba zai yi musu ba.

Inda nake so ka kula shi ne idan an jingina ta ga baƙo. Tun zamanin yaƙinsu da Japan suke kiran sojojin Japan "guizi", mutanen Hong Kong kuma suna ce wa Bature "gweilo" ("gwei" ɗin ita ce "gui" a harshensu), wanda wasu ke ɗauka wasa, wasu kuma raini. Amma "hei gui", baƙar fatalwa, zagi ne tsantsa ga baƙar fata, don haka idan ka ji an faɗa maka, kada ka yi murmushi.

Tunda kana shirin zuwa sarin kaya, ka kiyaye karin sauti. Idan murya ta yi ƙasa sannan ta ɗago, fatalwa ka ce. Idan ta faɗo da ƙarfi daga sama, tsada kake nufi, ita ce ta cikin "tai gui le", wato ya yi tsada da yawa.

Ka gaida Baba da Inna, ka kuma sanar da ni ranar tasowarka.

Naka amini har kullum.