Zuwa ga abokan cinikinmu: gaskiyar magana kan tsadar RAM da kwamfutocin gem

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu alhazai da hajiyoyi, yayyenmu da ƙannenmu, muna gaishe ku da fatan kowa yana lafiya tare da iyalinsa. Ba mu saba rubuta wasiƙa irin wannan ba, domin mu cinikinmu baki da baki muke yinsa. To amma magana ta yi yawa a 'yan makonnin nan, wata a gabanmu, wata a bayan idonmu, har ta kai ana cewa wai mun mai da RAM, wato memorin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kan yi a cikinsa, hanyar tatsar mutane. Wallahi wannan magana ta yi mana ciwo, shi ya sa muka ga gara ku ji daga bakinmu.

Gaskiya ne kuɗin haɗa kwamfutar gem ya tashi a wurinmu, kuma RAM ce ta ja mafi yawan ƙarin. Sai dai ba a Kano ake ƙera ta ba, ba a Legas ba. Kusan duk memorin da ke cikin kwamfutocin duniya daga kamfanoni uku yake fitowa: Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, sai Micron na Amurka. Sauran sunayen da kuke gani a jikin kwali, yawancinsu a wurin waɗannan suke saye su haɗa. Tun daga ƙarshen 2025 manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suke wawason memori domin cibiyoyinsu, masana'antun kuma suka karkata can inda ribar ta fi tsoka. A watan Disamba na 2025 Micron ma sanarwa ya yi cewa zai daina sayar da samfurin Crucial ga masu saye ɗaiɗai, alhali ita ce muka daɗe muna sa wa da yawanku a kwamfuta. Mu da muke wani ɗan shago a kusa da titin Beirut, ina muke da ta cewa a nan?

Ku ɗora dala a kai. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 ba mu ƙara sanin farashi mai zama wuri ɗaya ba. Dilan da muke saro kaya a wurinsa a Legas, wanda da yakan ba mu kaya mu sayar mu biya, yanzu sai kuɗi hannu, kuma farashin da ya faɗa da safe ba lalle ya kai la'asar ba. Kuɗin motar da ke kawo kayan ya ƙaru tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Ga janareto, domin ba ma miƙa wa mutum kwamfuta sai mun bar ta a kunne sa'o'i muna gwada memorinta, ko da wuta ko babu. Mai shago shi ma ya ƙara haya. Duk wannan ba ya fitowa a rasit, amma mu muke biya.

Yanzu ga abin da ya fi damunmu. Saboda tsadar, wasu sun fara cewa a rage musu zuwa giga 8, wasu kuma tsoro ya sa suna neman 64 wai kafin ta ƙara tashi. Duka biyun asarar kuɗi ne.

RAM kamar teburin tela take. Yadin da ke ajiye a sito shi ne abin da ke cikin SSD, wato ma'ajiyar fayilolin kwamfuta, wanda aka shimfiɗa a tebur kuwa shi ake aiki da shi yanzu. In teburin ya yi kaɗan sai an yi ta naɗe wani ana buɗe wani, a nan ne gem yake tsayawa yana kakarewa ana tsakiyar wasa. In kuma ya riga ya ishi aikin, ƙara masa faɗi ba ya sa ɗinki sauri. Windows 11 a takarda giga 4 take nema, amma da zarar ka buɗe Chrome da Discord, manhajar hirar 'yan gem, ka ga sun cinye kaso mai yawa na giga 8 tun gem bai tashi ba. EA Sports FC, wanda har yanzu yara suke kira FIFA, giga 8 ne mafi ƙarancin abin da yake nema. Ka ga kenan babu sarari ko kaɗan.

Shawararmu ga mai wasa kawai ita ce giga 16, kuma a saye ta guda biyu, 8 da 8, ba guda ɗaya mai 16 ba. Idan biyu ne, furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, tana ɗiban bayanai ta hanya biyu lokaci guda. Wannan ya fi muhimmanci ga masu furosesa irin Ryzen 5 5600G da ba su sayi katin girafik (mai zana hoton gem a allo) daban ba, domin su hotonsu ma daga RAM ɗin yake ci. Wanda yake watsa wasansa kai tsaye a YouTube ko TikTok, ko yake tace bidiyon biki da finafinai a kwamfutar, shi ne ya cancanci 32, wato 16 sau biyu. Wanda ya ce sai 64 don wasa kawai, mu dai ba za mu karɓi kuɗinsa mu yi shiru ba. Gara ya kai rarar kan katin girafik, can ne zai ga bambanci da idonsa.

A kula da nau'i kuma. DDR4 da DDR5, wato nau'o'in RAM guda biyu, ba sa shiga ramin juna, tsagar da ke ƙasansu ma ba wuri ɗaya take ba. Ryzen 7000 da suka fito a 2022 da na bayansu DDR5 kaɗai suke ɗauka. Furosesar Intel zubi na 12 zuwa na 14 kuwa ya danganta da madabod ɗin da ka zaɓa, wato babban faifan da ake dasa sauran kayan a kai, akwai mai wannan akwai mai wancan. Don haka don Allah kada a sayo RAM a wani wuri don an ga araha sannan a kawo mana mu haɗa ba tare da an tambaya ba. Mun sha ganin ta hannu da aka manna wa sabuwar takarda, a sa ta yau, gobe allo ya yi shuɗi. Ba mu ce kowa haka yake ba, kasuwa akwai mutanen kirki, amma mu abin da muka ba da garanti a kai shi muke tsayawa a kansa.

Muna nan muna ƙoƙari. Muna magana da wasu dilolin, muna kuma duba hanyoyin da za a samu sauƙi, in Allah ya yarda za ku ji daga gare mu.

Ba za mu manta da ku ba. Masu gidajen gem na Zoo Road da Hotoro da suka fara da mu tun muna da benci ɗaya da akwatin sukundireba. Ɗaliban BUK da suka haɗa kwamfutarsu ta farko da kuɗin da suka tara, yau sun zama ma'aikata suna turo mana ƙannensu. Alhajinmu na Nassarawa da bai taɓa neman ragi ba, sai dai ya ce a yi wa yaran abin da ya dace. Hajiyar da ta biya wa ɗanta kaɗan kaɗan har ta kammala. Da amanarku muka kai inda muke, kuma jin an ce wani daga cikinku ya tafi wani wuri saboda yana zaton mun cuce shi, ya fi mana zafi fiye da rasa cinikin.

Wanda ya riga ya ba da kafin alƙalami, muna roƙonsa ya leƙo shago da rasit ɗinsa mu zauna mu duba lissafinsa tare, kowa da irin nasa. Wanda yake shirin haɗa sabuwa kuma ya zo da sunayen wasannin da yake so ya buga da abin da ke aljihunsa, kafin ya sayi komai.

Allah ya bar zumunci, ya sa albarka a nemanku da namu.

Naku,
Mai shago da yaransa, Kano