Kratos Ya Tara Gemu, Sadiq

Gwammaja, Kano.

Aminina Sadiq,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya karatu, ya sanyin Turkiyya? Mu ma nan hunturu ya kankama, hazo ya lulluɓe Dala har ba a hango ta daga ƙofar gidanmu. Hajiya na gaishe ka, ta ce ka daina yi mata rowar murya.

Abin da ya sa na ɗauki biro maimakon in tura maka saƙon murya, magana ce mai tsawo, kuma kai kaɗai za ka gane ta. Abba ƙanena ya tara kuɗin gyaran wayarsa ya sayo na'urar gem ta PS4 ta hannu a kasuwar Beirut Road, da wasan God of War na 2018 a ciki. Na zauna in nuna masa cewa tun yana rarrafe muke sana'ar nan, sai ga ni ina danna hannu ina neman tsalle, babu tsalle! Yaron nan har da faɗuwa don dariya.

Ka tuna jarumin wasan, Kratos ɗinmu na shagon gem ɗin bayan layinku, lokacin PS2? Ana ɗauke wuta mu yi karo-karon kuɗin man janareta. Wancan ba ya magana sai tsawa. Kyamara na can nesa, shi ɗan mitsitsi a gaban dodo kamar bene, wuƙaƙen sarƙa na wulwulawa, ko'ina ja da ruwan gwal. To wannan ya tara gemu, muryarsa ta yi nauyi don an sauya mai yi masa magana, gatari ne a hannunsa, ga ɗansa Atreus na bin sa. An baro tatsuniyoyin Girka an koma na mutanen arewacin Turai, dusar ƙanƙara da daji. Kyamarar kuwa ta manne a bayan kafaɗarsa, ba ta yankewa tun daga farko har ƙarshe. Tafiyar ma ba ta ɗaukar fansa ba ce, tokar matarsa za su kai kan dutse mafi tsawo. Na ce wa Abba wannan ba Kratos ba ne, mai kama da shi aka samo.

Kwana huɗu ina wannan taurin kai. Sai muka zo inda yaron ya kwanta rashin lafiya, dole uban ya shiga wata duniyar sanyi da gatarinsa na ƙanƙara ba ya aiki a cikinta. Ya koma gida, ya buɗe ƙarƙashin daɓen ɗakinsa, ya zaro wani ƙunshi. Sadiq, wuƙaƙen nan ne. Na 2005. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Abba kuwa cewa ya yi, "Yaya, an ba mu sabon makami." Sabon makami! Wuri ɗaya muke kallo, shi yana ganin kyauta, ni ina ganin mutumin da ya binne abin kunyarsa, larura ta sa ya tono.

Nan na gane dabarar. Ba rusau suka yi ba, gidan gado ne aka yi wa sabon yaɓe, tubalin na nan. Duk ɓarnar da ya yi a Girka ta faru, har kisan ubansa Zeus a na uku, na 2010. Farin jikinsa tokar iyalinsa ce har yanzu, jan zanen na nan, tabon cikinsa na nan, tsumman da ya naɗe hannuwansa da su kuma tabon sarƙa suke ɓoyewa. Baƙo kamar Abba zai shiga ta zaure ba tare da ya san tarihin gidan ba, ɗan gida kuma duk lungun da ya leƙa sai ya ga wani abu nasa. Shi ya sa ko lamba ba su sa wa sunan ba, don kada sabon shiga ya ɗauka sai ya buga uku kafin ya fara.

Rusau na gaske ai mun gan shi. DmC na 2013, sabon zubin wasan Devil May Cry, da aka kawo mana jaruminsa Dante mai baƙin gashi aka ce mu manta da na da. Kai ne ka fi kowa kumfar baki a majalisa. Ga shi a 2019 kamfanin Capcom ya dawo da tsohon a Devil May Cry 5.

Amma kada ka ce na zama ɗan koren masu yaɓe. Wani yaɓen ɓata gini yake yi. Resident Evil 7 na 2017 ya burge ni: bayan hayaniyar na shida, aka mayar da mu gida guda a Luwiziyana ta Amurka, kana gani da idon sabon jarumi Ethan, tsoro ya dawo. Sai a ƙarshe wani mutum ya cire hular kwano ya ce shi ne Redfield, wato Chris Redfield, tsohon jarumin wasan. Wane Chris? Ina ƙirar ƙarfin nan ta na biyar? Dalilin a bayyane yake, sabon injin kamfanin fuskokin mutanen gaske yake ɗauka a hoto ya gina 'yan wasa da su. To wannan dalilin ma'aikata ne, labarin bai ba ni ko ɗaya ba. Gemun Kratos shekaru ne suka kawo shi, fuskar Chris kuwa kwamfuta ce ta kawo ta. A Resident Evil Village na 2021 sai ga shi sun sake masa wata.

Mortal Kombat kuma sun mayar da abin sana'a. A wasan 2011 Raiden, ɗaya daga cikin jaruman, ya aika wa kansa saƙo zuwa baya, aka sake zuba labarin ukun farko. A na 2023 wani jarumin, Liu Kang, ya sake gina duniyar, Raiden ya koma matashin manomi, Scorpion da Sub-Zero da muka taso muna ganin gabarsu suka zama wa da ƙane. A takarda dai tarihin bai yanke ba, amma idan kowane mataccen zai tashi da zarar an juya agogo, mutuwar wa zan ji wa ciwo? Launukan sun yi kyau, ban musa ba. Abba na son sa, ni dai ina bugawa ne don in lallasa shi.

Yanzu rigimar da muke ciki, yana so ya wuce God of War Ragnarök na 2022, ni kuma na ce sai ya fara ganin abin da aka binne. Tsohuwar PS2 ɗinka tana nan a ɗakin Umma ko an kyautar? In tana nan, ka yi mata magana in je in ɗauko, har da memori kad ɗin, wataƙila inda muka maƙale a na biyu yana ciki.

Ka gaida su Bashir. Sai na ji daga gare ka.

Naka,
Nura