Wasiƙar Zango na Biyu: Abin da 'Ya'yanku Ke Yi Ranar Laraba da Yamma

Zuwa ga iyayenmu da masu riƙon ɗalibai,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ya gida, ya iyali, ya muka ji da sanyi?

A taron iyaye da malamai da ya gabata, korafin da ya fi yawa shi ne na ranar Laraba, ranar da yara ke zama a ƙungiyoyi daga bayan azahar har la'asar. Wasu iyayen sun ce gara a mayar da lokacin na bitar jarrabawa. Mun fahimci damuwarku, domin da gumi ake samo kuɗin makaranta. Za mu amsa muku da labarin wata ɗalibarmu ta aji biyar. Mahaifinta ya ba mu izini, amma mun sakaya sunanta.

Lokacin da ta shigo aji huɗu, yarinyar nan ko gaisuwa ba a jin muryarta. Malamar Hausa ce ta lallashe ta ta shiga ƙungiyar muhawara. Ranar farko takardar hannunta rawa take yi, ba ta kai ƙarshe ba ta zauna. Ba wanda ya yi mata dariya, don dokar ƙungiyar ke nan. Kafin zangon ya ƙare, ita ke rufe wa ɓangarenta jawabi. Daga nan ta leƙa JETS, ƙungiyar matasan injiniyoyi da masana kimiyya, ta koyi haɗa ƙaramar fitila mai aiki da hasken rana, sannan ta ce ba nan zuciyarta take ba. Muka ce to, ba laifi.

Inda ta tsaya shi ne lambun makaranta, wurin ƙungiyar matasan manoma. Wata Laraba ta kawo wa malamin noma ganyen tumatir da wasu fararen zane a jikinsa. Ya ɗaga ganyen ya haska shi da rana, sai ga 'yar tsutsa kwance a cikin naman ganyen, tana ci tana barin fatar. Ita ce wadda manoma ke kira sharon, wadda ta yi wa tumatirin Kano da Kaduna mummunar ɓarna a 2016 har kwando ya gagari talaka. Yarinyar ta tambaya: me ya sa feshi ba ya kashe ta? Malam ya nuna mata cewa tsutsar a ɓoye take cikin ganye, magani ba ya isa gare ta da sauƙi, ga shi kuma tana saurin sabawa da magani. Tun daga ranar ta buɗe littafi na musamman, tana rubuta kunyar da ta kamu da wadda ta tsira. Malamin kimiyyar halittu ya ce yanzu ita ke tsare shi da tambaya bayan an tashi, kuma makinta a darasinsa ya ɗaga sosai.

Mahaifinta likita yake so ta zama, buri ne mai kyau kuwa. Da ya zo muka zauna, mun nuna masa cewa ba ƙofar da aka rufe. Tana nan a ɓangaren kimiyya. Darussan da JAMB ke nema don likitanci, wato Turanci da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, da su ɗin dai za ta iya neman karatun aikin gona. Ita yanzu maganarta ba ta wuce cibiyar binciken aikin gona ta Samaru da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Ko wanne ta zaɓa, za ta zaɓe shi ne bayan ta gani da idonta, kuma wannan ne ya fi faranta mana rai.

Iyayen 'yan aji uku, maganar nan ta fi shafarku. Da sun gama jarrabawar ƙaramar sakandare za su zaɓi kimiyya, ko fasaha da adabi, ko kasuwanci. Mun sha ganin yaron da aka tura kimiyya don ɗan maƙwabci yana can, ya zo WAEC ko NECO ya kasa haɗa kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Ku bar su su ɗanɗana tun yanzu. Akwai ɗinki, gyaran waya, ƙwallon ƙafa, wasan kwaikwayo, da shirin musabaƙar Alƙur'ani. Yaro na iya sauya ƙungiya a farkon kowane zango, ba a kuma biyan ko sisi.

Game da Islamiyya da wasunku suka ambata, mun gyara: ana sallamar kowa kafin la'asar, malamai mata kuma na tare da ɗalibai mata har su fita ƙofa.

Muna roƙon wanda yake da sana'a a cikinku, tela ne, ma'aikaciyar jinya, makaniki ko ɗan kasuwa, ya ba mu yammacin Laraba guda ya zo ya yi wa yaran bayani. A ba da suna a ofishin mataimakin shugaban makaranta, ko a aiko da takarda ta hannun ɗalibi.

Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, amin.

Shugaban Makaranta