Tambari daban, kayan ciki ɗaya: kira ga masu sayen kayan sola

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba mu fili mu yi magana da 'yan'uwa masu sayen kayan sola a Garwa, Marwa, Kusiri har Njamena. Mu masu haɗawa ne da gyara, kullum muna kwance bayan waɗannan na'urori muna ganin abin da kwali ya ɓoye.

Yawancin sunayen da ke jikin batir da inbata (mai mayar da wutar batir irin ta gida) da kwantirola (mai daidaita cajin batir daga fanel) ba na masana'anta ba ne. Ɗan kasuwa ne yake zuwa Guangzhou ko Shenzhen ya zaɓi kayan da aka riga aka ƙera, ya biya a buga masa sunansa da launin da yake so, a loda a kwantena zuwa Duwala. Wannan ba haramun ba ne, kuma ba duka ne jabu ba. Kamfanin Voltronic Power na Taiwan yana ƙera inbata ga kamfanoni da yawa su sa nasu suna, shi ya sa za ka ga inbata uku masu suna daban suna aiki da manhaja ɗaya, WatchPower. Inda zalunci yake shiga shi ne, mai odar suna yana iya odar lambobi ma. Sai a rubuta abin da babu shi a ciki.

A batir abin ya fi ciwo, don nan kuɗin yake. Ƙarfin batirin darma yana bin yawan darmar da ke cikinsa, darma kuwa nauyi gare ta. Mai bolt 12 da 100Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke ajiyewa) na gaskiya yana kai kilo 28 zuwa 32, mai 200Ah kusan kilo 60. Idan aka ɗora wanda aka rubuta wa 100Ah a sikeli ya tsaya a kilo 20, to faranten cikinsa sirara ne ko an rage yawansu. Zai yi haske a makon farko, amma da zarar an riƙa zuƙe shi kowane dare sai ya mutu da wuri. Ga kuma zafinmu na Maris da Afrilu da ke wuce digiri 40, alhali a digiri 25 ake auna rayuwar batir, kuma ƙarin kusan digiri 10 yana raba ta biyu. Don Allah kada a ji kunyar cewa a kawo sikeli kafin a ƙirga sefa.

Sai kwantirola. Iri biyu ne: MPPT mai tatso cikakken ƙarfin fanel, da PWM mai sauƙin ƙira da ba ya iya hakan. Akwai ƙanana masu arha da aka manna wa MPPT alhali PWM ne. MPPT na gaskiya yana da babban naɗin wayar tagulla a ciki, yana da nauyi a hannu. In ba a yarda a buɗe ba, a auna da mita da rana tsaka: a MPPT, amfiyar da ke shiga batir ta fi wadda ke fitowa daga fanel, a PWM kusan ɗaya suke. Fanel mai wat 100 yana ba da cikakken ƙarfinsa ne a wajen bolt 18 da amfiya 5.5. PWM yana jawo shi ƙasa zuwa bolt 13 na batir, ka tashi da wat 70 da 'yan kai. Mafi muni, mai haɗi ya gaskata sitika ya jera fanel uku bi da bi, wutar ta haura bolt 60, kwantirolan ya ƙone.

Manhaja ita ce ba a gani da ido. Kyamarorin tsaro na shaguna da yawa ƙwaƙwalwarsu ɗaya, suna ne kawai ya bambanta, kuma mai sunan ba shi da ikon gyara manhajar idan aka gano ɓaraka. A 2016 ƙwayar cutar kwamfuta mai suna Mirai ta kame dubban irin waɗannan na'urori a duniya ta kalmar sirrin da suka zo da ita daga masana'anta. Wanda ya sa kyamara ya canza kalmar ranar farko. 'Yan'uwanmu masu gyara kuma, kada kamannin fuska ya sa ku ɗora wa inbata manhajar wani suna. Akwai kwaikwayon kwaikwayo, allon ciki ya bambanta, na'urar ta ƙi tashi gaba ɗaya.

Roƙonmu ga Alhazanmu masu shigo da kaya: ku sa sunanku, ba laifi, amma ku bar lambobin masana'anta yadda suke, ku haɗo da allunan canji da fanka da fis a kwantenar. A rubuta lambar samfuri, nauyin batir da watannin garanti a rasit, da hatimin shago. Hukumar ANOR mai kula da ingancin kaya a Kamaru kuma muna fata ta riƙa leƙowa kasuwannin arewa da sikeli da mita.

Wassalam.

Naku,
Wasu masu haɗa sola a Garwa, Kamaru